Tsohuwar Na'urar Jirgin da Na Sayar wa Taubashina

Ni mutumin Ibohaman ne, a ƙasar Keita. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Abin da nake so ku matasa ku fara sani shi ne ban tashi ɓarawo ba. Ɗan manomi ne ni, na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya ɗan karatun Faransanci, kuma Allah ya ba ni hannu. Tun ina ƙarami in rediyo ta mutu a unguwarmu ni ake kawo wa, in buɗe ta da bakin wuƙa in yi ta lalube har ta yi magana.

Ina da taubashi, Isufu, ɗan kawuna Hamidin, yayan mahaifiyata. Tare muka tashi, tare muka yi kiwon awaki a kan tudu. Kun san yadda wasan taubasai yake a wurinmu. Ni ɗan mace ne, don haka Isufu bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Ni kuma duk abin da na gani a hannunsa halalina ne. Na ɗauke masa takalmi, na ɗauke masa hula, na taɓa sayar masa da zakaransa na kansa bayan na shafa masa toka a fiffike. In ya kai ƙara sai manya su yi ta dariya su ce, "Taubashinka na, mi za a yi mishi?" Al'adar ba ta da laifi, don zumunci aka yi ta. Ni ne na ɗauki darasin da ba shi ake koyarwa ba, na gane cewa in ka iya sa mutane dariya, za ka ɗauki abin wani ka tafi da shi.

Da na girma na sauka Madawa na buɗe rumfar gyaran waya da rediyo da kayan sola. Aiki na ci, amma hannuna bai tsaya ga nawa ba. Mutum zai kawo waya a gyara masa bakin caji, in cire batirinsa mai kyau in sa masa gajiyayye. Wata tsohuwa ta kawo rediyo, waya ɗaya ce ta tsinke, na ce mata sai an sayo kaya daga Tawa. In wani ya dawo da fushi sai in ja shi da wasa, in ce masa kawun wane, in saya masa shayi, ya tafi yana dariya. Ban taɓa kiran abin da nake yi sata ba, wayo nake ce masa.

A bayan gari akwai wani fili na jar ƙasa inda ɗan ƙaramin jirgin sama na wani attajiri yake sauka. Jirgi ne mai kujeru huɗu, da shi Alhajin ke zuwa Yamai harkokinsa na albasa da dabbobi. Matuƙin, wanda kowa ke kira Kwamanda, mutumin ƙasarmu ne, dogo, marar yawan magana. Ni nake gyara masa wayarsa, kuma shi kaɗai ne ban taɓa cuta ba, don ina jin tsoron idonsa. Wata rana bayan girbi ya tsaya a rumfata ya ce za a canja wa jirgin na'urar nuna hanya, wadda ake kira jepe'es, mai karɓar magana daga taurarin ɗan Adam ta faɗa wa matuƙi inda yake. An kawo ma'aikaci daga Yamai, amma yana neman mai siririn hannu da ya san waya. Na rufe rumfa na bi shi, ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta.

Aikin ya ɗauke mu 'yan kwanaki, kuma har yau ban yi aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Aka kwance allon da ke gaban matuƙi, aka zaro tsohuwar na'urar daga gidanta yadda ake zaro rediyon mota. Sabuwar ba ta shiga wannan gidan, sai da aka ɗaura mata nata. Aka cire tsohon anten da ke kan bayan jirgi, wato ɗan abin da ke kama maganar taurarin, aka sa sabo, aka ja sabuwar waya daga can har gaba. Ni ne a kwance ƙarƙashin allo, ƙafafuna a waje, gumi na shiga mini ido, ma'aikacin yana duba zanen wayoyi yana faɗa mini wacce za ta shiga ina. Kowace waya sai ya ja ta da yatsa ya tabbatar ta kama. Da aka gama aka turo jirgin fili, aka tayar da inji, sabuwar ta kunnu da launi, ta nuna mu daidai inda muke tsaye.

Na tambayi Kwamanda me ya sa za a yar da tsohuwar alhali tana kunnuwa. Ya ce, "Kamhwanin da yay yi ta ya daina aiko mata sabuwat taswira. Kuma ɗan batirin da ac cikinta ya mutu, da an yanke mata wuta sai ta mance duk abin da anka sa mata. Wani lokaci muna sama sai ta tsaya cik, tana nuna mini wurin da niw wuce tun ɗazu. Sau nawa nika bin kwalta da ido in komo gida." Ya ɗaura mata jar takarda mai cewa ba ta aiki, ya miƙo mini ita da tsohon anten ɗin. Ya ce, "Ka hwasa ta da guduma ka jehwa rami. Da ta mutu ɗungum da sauƙi. Matsalatta tana kunnuwa, mutum shi ga haske shi yarda da ita." Na ce masa to. Da na isa rumfa na tsinke jar takardar, na goge na'urar da tsumma, na ajiye ta ƙarƙashin tebur.

Ban san wa zan sayar wa ba a lokacin. Na dai san ba zan fasa abu mai kyan gani haka ba. Na haɗa ta da batirin mota na yi ta wasa da ita, har na gano tana da wani wuri da in ka shiga sai ta yi kamar tana tafiya, taswira na motsi, lambobi na canjawa, alhali tana kan tebur. An yi mata wannan ne don masu koyon aiki da ita.

Ana shirin shiga bazara Isufu ya zo Madawa. Damina ba ta yi musu kyau ba, rumbu bai cika ba, ga matarsa Rabi da 'yarsu ƙarama. Shi da wasu samari na Garhanga sun haɗa ƙarfi, wasu sun sayar da dabbobi, sun sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya za su tafi neman zinariya a arewa, can bayan Agadas. Wani abokinsu ya aiko musu da lambobin jepe'es na wani sabon wuri da mutane ba su cika ba tukuna, da lambobin rijiyar da ke kan hanya.

Yana shigowa ya ce, "Bawana, an ce yanzu jirgin sama kaka gyara. Allah shi kiyaye bayin Allah da ka shiga cikinai."

Na ce, "Kai da jakin gidanku ma bai yarda da kai ba, wa zai ba ka mota?"

Muka yi dariya, muka sha shayi. Ya ce in sun isa Agadas za su sayi ƙaramin jepe'es na hannu, su kuma ɗauki jagora, mutumin daji da ya san hanya, ko da yake jagoran zai ci kaso cikin abin da suka samu. A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni, ni kuma na matsa masa. Na ce, "Waɗanga ƙanana na 'yan yawo na, rana na bugunsu sun mutu. Jagora ko, yau shi kai ku, gobe shi kai duniya duka wurin. Zo ka ga abin da ka kai jirgi Yamai shi maido shi." Na jawo na'urar na kunna ta a ƙarƙashin rufin kwano, inda ba na'urar da za ta ji tauraro, na sa ta tana tafiyar ƙarya. Isufu ya buɗe baki yana kallo.

Sannan ya dube ni, babu dariya a fuskarsa, ya ce, "Bawa, na san halinka. Wanga ba zakara ba na, rayukan mutane na. Ka hwaɗa mini tsakaninka da Allah, tana aiki?" Na dafa ƙirji na rantse masa. Na san wayar da ke aljihunsa ma, in an sa mata taswira, za ta fi wannan amfani ko babu rezo, wato sabis ɗin waya, amma na yi shiru don kada ciniki ya lalace. Na ce wa zuciyata ai tana aiki wani lokaci, kuma motoci na bin hanyar, ba za su rasa wanda za su bi ba.

Na ɗaura musu ita a gaban mota, na kafa anten a kan rufi, na shigar da lambobin rijiyar da na wurin zinariyar. A fili ta daɗe tana lalube, sannan ta kama, ta nuna Madawa, samarin suka yi ta murna. Na ce musu kada su kuskura su cire wayar batiri, ban faɗa musu dalili ba. Suka biya ni, na sa a aljihu. Da motar za ta tashi Isufu ya leƙo ya ce in ya dawo zai saya mini wando, tunda ubangida ba ya barin bawansa tsirara.

Daga Agadas ya kira kawu sau ɗaya ya ce sun isa lafiya, gobe za su shiga daji. Daga nan shiru. Da farko ba wanda ya damu, don can babu rezo. Amma abokin da ya aiko da lambobin ya samu ya kira gida ya ce bai gan su ba, kuma ya kamata a ce sun iso tuni. Kawu Hamidin ya hau mota ya zo Madawa ya same ni a rumfa. Bai zarge ni da komai ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kai ka san na'urag ga. Ba a iya kiranta a ji inda suke?" Na ce masa ba a iyawa.

Na bar kawu a rumfa na ruga filin jirgi. Na sami Kwamanda yana duba mai, na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Na roƙe shi ya tashi jirgi mu je mu nemo su. Ya ce man jirgin ba zai kai can ya yi yawon nema ya dawo ba, kuma yankin na soja ne, ba a shiga sai da izini. Ya kira Alhaji, Alhaji ya ce a yi duk abin da za a iya. Ya kira Tawa, ya kira Yamai, ya ba jandarma lambobin rijiyar. Aka ce a jira, masu sintiri za su duba ta ƙasa.

Na ce masa ai ga sabuwar na'ura, ita ba ta kuskure. Ya sa ni na hau jirgin, ya kunna ta, ya ja taswirar da yatsa zuwa arewa har garuruwa suka ƙare, allon ya zama fili ba komai. Ya ce, "Wagga tana hwaɗa mini inda nike. Ba ta san inda wani yake ba." Na zauna ina kallon wannan filin, na san Isufu na wani wuri a cikinsa, ba ni da abin da zan yi masa.

Kwanakin da suka biyo baya a inuwar fiffiken jirgin na yi su. Da safe in zo, in rana ta faɗi in koma. Duk lokacin da na kai ruwa bakina sai in tuna su, in ajiye. Na yi salla, na yi kuka, na yi wa Allah alkawura iri-iri, na raba abin da suka biya ni sadaka ko zai zama wani abu. Izinin tashi bai zo ba, kuma ko ya zo Kwamanda ya riga ya faɗa mini gaskiyar man.

Wasu masu raƙuma ne suka ga motar, nesa ƙwarai da hanyar rijiya. Mutum biyu aka samu da rai, biyu sun rasu a ƙarƙashin motar, Isufu ba ya wurin. Ɗaya daga cikin masu ran, Agali, ɗan Garhanga, shi ya ba da labari bayan an yi masa magani. Ya ce sun shiga wuri mai duwatsu, girgiza ta sa kan batiri ya fita. Da suka mayar, na'urar ta kunnu babu rijiya babu komai a cikinta. Suka yi ƙoƙarin shigar da lambobin, ba wanda ya iya. Can ta nuna musu wani wuri ta tsaya a kai, suka yi ta bin kibiyar har mai ya ƙare. Da ruwa ya kusa ƙarewa wani ya ɗauki dutse zai fasa ta, yana zagina. Isufu ya rungume ta ya ce, "Kul! Taubashina ya rantse mini. Shina cutata ga ƙananan abubuwa, amma ba shi yi mini wanga. Mu ne ba mu iya ta ba." Washegari ya kwance ta da anten ɗin, ya naɗe a rawani, ya ɗauki ɗan fanon solar da suke cajin waya, ya ce zai hau wani tudu da suke hange, a can za ta kama. An bi sawunsa har inda iska ta shafe shi.

Ban gudu ba. Jandarma sun same ni a rumfa, na miƙa musu hannu. A gaban alƙali ban musa komai ba. Kwamanda ya ba da shaidar jar takardar da abin da ya faɗa mini, iyayen samarin Garhanga na zaune suna ji. Mahaifiyata ba ta zo ba. An ce tun ranar da aka ji labarin ba ta ƙara iya shiga gidan yayanta ba, gidan da aka haife ta. Aka yanke mini shekaru a gidan kaso.

Ba zan cika ku da labarin kaso ba. Akwai zafi, akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, amma duk wannan jiki ne ke ɗauka. Abin da ya fi ci na shi ne rantsuwar. Wani dattijo da muke tare, malami ne da rigimar gona ta kawo shi, ya koya mini yadda ake tuba. Ya ce Allah na yafe nasa, amma haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. Na ce masa to wanda ba a san inda yake ba fa? Ya ce in yi ta yi masa addu'a.

Da aka sake ni na nufi Ibohaman, don ban ga amfanin ɓuya ba. Na sami kawu ya tsufa, ido ya fara gazawa. Aka ce mini tun ɓatan Isufu, kawu ya hana a yi masa sadakar mamaci, kuma duk ranar da motocin arewa ke saukowa sai an kai shi bakin hanya. Rabi na nan a gidan, ba ta da miji, ba ta kuma yi takaba ba, 'yarta har ta shiga lakwal. Na durƙusa na gaishe shi, na nemi gafara. Bai amsa wannan ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe ya ce, "Agali ya ce Isufu ya tahi da na'urag ga. Kai ka san ta. In ya gamu da wani mai batiri, tana iya nuna mishi hanyag gida?"

Na ga ƙafafun Rabi a bayan zana, ta tsaya tana saurare. Na san in na ce masa eh, tsohon zai yi barci mai daɗi, kuma ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba. Na ce, "A'a, kawu. Ba ta iyawa. Tun ranad da nis sai mishi ita na san ba ta iyawa." Ya saki hannuna a hankali. Sannan ya ce a kira masa liman. A makon aka je wurin alƙali ya yanke hukuncin cewa Isufu ya rasu, aka yi sadaka, Rabi ta shiga takaba. Har yau kawu bai ce ya yafe mini ba, bai kuma ce bai yafe ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Yanzu noma nake yi, in an kawo gyara in yi, in abu ya mutu in ce wa mai shi ya mutu. Ku matasa, musamman ku da Allah ya ba sanin waya da na'ura, mutanenmu ba su san abin da ke cikin waɗannan abubuwa ba, ku suke kallo, abin da kuka faɗa shi suke ɗauka su tafi da shi. Kada ku fara da batirin wani, kada ku sa wa cuta sunan wayo ko sunan wasa. In an ce ku fasa abu, ku fasa shi. In mutum ya dube ku ya ce ku faɗa masa tsakaninku da Allah, ku faɗa masa ko ciniki zai lalace. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini, ina ci, ina sha, ina kwana a ɗaki. Isufu kuwa ko kabarin da za a je a tsaya a yi masa addu'a babu.